Jinjina ga Matsuno da Final Fantasy Tactics, amma da sauran rina a kaba

Kafin mai wasa ya zare takobi ko ya saki kibiya ɗaya a Final Fantasy Tactics, sai ya fara sauraron wani masanin tarihi mai suna Arazlam, wanda ya zo da ƙorafi. Shekara 400 ke nan littattafan ƙasar Ivalice suna koya wa yara cewa Delita, ɗan talakan da ya zama sarki, shi ne gwarzon da ya kashe wutar Yaƙin Zakuna. Arazlam ya ce ba haka zancen yake ba. Akwai wani saurayi, Ramza ɗan gidan Beoulve, wanda shugabannin addinin ƙasar suka shafa wa baƙin fentin ridda, aka share sunansa, alhali shi ne ya yi aikin. Tun daga bakin ƙofa ke nan an gaya maka cewa yaron da za ka raba dare kana jagoranta ba zai samu ko da "sannu da aiki" ba. Mai son ya sayar wa matasa gem a 1997 bai saba fara tallarsa da haka ba, kuma a kan wannan ƙarfin halin na fara cire hula.

Kamfanin Square na Japan ne ya fitar da shi a kan PlayStation ranar 20 ga Yuni, 1997, wata biyar kacal bayan Final Fantasy VII ya girgiza kasuwa da manyan hotuna masu motsi. Shi kuwa wannan sai ya zo da 'yan ƙananan mutane masu manyan kawuna, ba su ma da hanci, suna tafiya gida-gida a kan fili mai murabba'ai. Duk da haka ya sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a Japan, ya isa Amurka a Janairun 1998. Wanda ya rubuta labarin kuma ya ja ragamar aikin shi ne Yasumi Matsuno, da ya baro kamfanin Quest bayan ya yi Ogre Battle a 1993 da Tactics Ogre a 1995. Bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da Akihiko Yoshida mai zanen mutanen da Hiroshi Minagawa mai kula da fasalin hotuna, kiɗan kuma na Hitoshi Sakimoto da Masaharu Iwata ne. A Square suka tarar da Hiroyuki Ito, wanda ya tsara yadda faɗan zai gudana. Yabon gwani ya zama dole, kuma gwanayen nan da yawa.

Babi na farko shi ne kambin wasan, don haka bari in daɗe a kansa. Ivalice ta fito daga Yaƙin Shekara Hamsin da maƙwabciyarta Ordallia a jigace, baitulmali fayau. Talakawan da suka ba da kansu suka je fagen fama aka sallame su ba ko anini. Su ne suka haɗa rundunar tawaye ƙarƙashin wani mayaƙi mai suna Wiegraf, kuma su ne abokan gabanka na farko. Kai kana ɓangaren masu sarauta, kana ɗan makarantar horon soja, an tura ka ka murƙushe "'yan fashi". Ramza ɗan babban gida ne, ko da yake mahaifiyarsa talaka ce. Delita ɗan manoma ne maraya da mahaifin Ramza ya riƙe shi da ƙanwarsa Tietra, har aka sa shi makaranta ɗaya da ɗan gida. Sun tashi kamar wa da ƙane, kuma dukansu biyu sun yarda cewa haka abin yake.

Sai aka shigo da Argath, ɗan gidan sarautar da ya rushe, wanda Ramza ya ceto a hanya. Babu abin da ya rage masa sai asali, don haka ya rungume shi da hannu bibbiyu. A gaban Milleuda, ƙanwar Wiegraf, wadda take tambayar laifin da talaka ya yi aka haife shi cikin yunwa, Argath ya buɗe baki ya daidaita talakawa da dabbobi, Delita na tsaye a gefe yana ji. Wasan bai sa Milleuda ta tuba ba, bai kuma ba ka hanyar kauce mata ba. Sai ka yaƙe ta har sau biyu, kuma a na biyun hannun mutanenka ne ajalinta, bayan ta faɗi maganar da kai kanka ka san gaskiya ce.

Tsakanin waɗannan faɗa biyu ne 'yan tawayen suka sace Tietra bisa zaton 'yar gidan Beoulve ce. Manyan yayyen Ramza suka yi alkawarin ceto ta. A ganuwar Ziekden, cikin dusar ƙanƙara, wanda ya sace ta ya yi garkuwa da ita a ƙofar rumbun albarushi. Zalbaag, yayan Ramza, ya ba da umarni, Argath ya ɗana baka ya harbe yarinyar don a samu hanyar harbin na bayanta. Babu aljani a wurin, babu tsafi. Lissafi kawai aka yi, aka ga 'yar talaka ba ta kai a ɓata lokacin runduna a kanta ba. Duk abin da Delita ya zama daga baya, yaudararsa, kisan da ya yi wa ubangidansa, auren da ya yi da gimbiya Ovelia don ya hau gado, daga wannan kibiyar ya tsiro. Ba na jin akwai wani gem na zamaninsa da ya nuna yadda ake ƙera azzalumi daga wanda aka zalunta da tsabta irin wannan.

Yaƙin da ya biyo baya rikicin riƙon ƙwarya ne. Sarki ya rasu ya bar jariri, Larg mai tutar Farin Zaki ya tsaya wa jaririn, yarima Orinus, Goltanna mai tutar Baƙin Zaki ya tsaya wa Ovelia, kowa da tasa a ciki. Masu lura sukan kwatanta shi da yaƙin gadon sarautar Ingila na ƙarni na 15 tsakanin gidan Lancaster da gidan York. Matsuno kansa ya bayyana a 2025 cewa ya rubuta labarin ne a lokacin da tattalin arzikin Japan ya faɗi bayan bunƙasar ƙarshen shekarun 1980, matasa suna gama karatu suna rasa aiki. Sojan da aka sallama ba albashi da ɗan makarantar da ya fito ya tarar an rufe ƙofofi, ba su da nisa da juna.

A fagen faɗa ma akwai abin jinjina. Wanda ya san dara zai gane daɗin abin nan da nan: kowane ɗa da gidansa, kuma motsi ɗaya na ganganci kan jawo maka ci uku a jere. Bambancin shi ne filin nan yana da tudu da kwari, da rufin ɗaki da rafi, kuma duk suna shiga lissafi. Maharbin da ya hau tudu kibiyarsa ta fi nisa. Sara daga baya ya fi samun shiga a kan sara daga gaba, shi ya sa duk wanda ya gama motsinsa sai ka zaɓa masa inda zai fuskanta. Galibi mutum biyar kawai kake shiga da su, rabin goman da Tactics Ogre yake bayarwa, don haka babu wanda zai ɓuya a bayan wani. Kuma ba a yin "ku gama mu fara". Kowane mayaƙi yana da ma'aunin da ke cika gwargwadon saurinsa, in ya kai 100 sai a ba shi dama. Babban tsafi yana ɗaukar lokaci kafin ya sauka, kuma ba ya tantance naka da na wani. Ka auna bardensu da wuta, kafin ta sauka ya tako ya tsaya kusa da mai maganinka, sai ta ci su tare. Wanda ya faɗi kuma, lamba ce za ta bayyana a kansa tana sauka daga uku. In ba ka tashe shi ba kafin ta ƙare, ya tafi ke nan har abada.

Inda yawancin mutane suke fara gane cewa ba wasan yara suka saya ba shi ne unguwar talakawa ta garin Dorter, tun a farkon tafiya. Kana shiga ka tarar da maharbi ya riga ya haye rufin da ya fi kowane tsawo, masu baƙin tsafi suna laɓe a bayan barde. Ka ruga gaba da takobi, kafin ka haye gini na farko an kwantar maka da mutum biyu. Sai ka koma ka yi tunani: wa zai hau ya sauko da maharbin can, wa zai janye barden, wa zai riƙe magani a baya. Wannan irin duka ne mai koyar da karatu, kuma ba ni da ƙorafi a kansa.

Sai tsarin sana'o'i, wanda shi ne ya sa mutane suke komawa wasan bayan shekaru. Sana'a 20 ce. Kowa yana farawa ne a matsayin kurtu ko mai magani, daga nan hanyoyi su buɗe zuwa barde, maharbi, ɓarawo, mai warkarwa, mai kiran dodanni, samurai, ninja, har mawaƙi da mai rawa. Abin da ka koya a wata sana'ar kana iya tafiya da shi wata. Kana iya koyon riƙe makami biyu wurin ninja ka kai shi ga barde, ko ka ba mai tsafi dabarar shan magani da kansa duk lokacin da aka sare shi. Ga kuma ma'aunin jarumta da na imani. Mai imani da yawa tsafinsa yana da ƙarfi, amma na abokan gaba ma ya fi kama shi, in kuma imanin ya wuce kima sai ya ajiye makami ya bar rundunar ya tafi bauta. Wanda jarumtarsa ta faɗi ƙasa da 10 kuwa rikiɗa yake yi ya zama kaza, a zahiri, da fukafukai. Wanda ya saka wannan a cikin labarin kisa da cin amana ya san darajar dariya. Kiɗan Sakimoto da Iwata ba sai na tsaya a kansa ba, ya ishe shi yabo cewa za ka yi awa guda a faɗa ɗaya ba ka nemi rage sauti ba.

To, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu zo ga fadar Riovanes, a ƙarshen babi na uku. Faɗa uku ne a jere ba fita. Bayan na farko sai wasan ya tambaye ka cikin ladabi ko kana so ka adana inda ka kai. Duk mai hankali zai ce e, ya danne tsohon ajiyarsa a katin memori. Ƙofa na buɗewa sai ga Ramza shi kaɗai tilo gaban Wiegraf, wanda takobinsa ke sara daga nesa, bugu biyu ko uku ya gama da kai. In ka raini Ramza a matsayin mai warkarwa ko wani mai laushin jiki, ka shiga uku. Ba hanyar komawa kasuwa, ba hanyar fita ka ƙara horo. Waɗanda suka tsira da yawa da gudu suka tsira: su yi ta zagaya ɗakin suna ƙara wa Ramza sauri har ya riƙa samun dama uku kafin Wiegraf ya samu ɗaya. In ka kayar da shi kuma sai ya rikiɗe ya zama dodo Belias, da 'yan rakiya uku. Ka wuce nan ka hau rufi, inda aka ce ka kare wata yarinya mai suna Rapha, wadda takan ruga cikin abokan gaba a kashe ta tun kafin a ba ka dama ko ɗaya. Mutane da yawa sun sake wasan daga farko saboda wannan fadar, wasu kuma a nan suka ajiye faifan. Dorter ya doke ka ne don ka koyi wani abu. Riovanes tarko ne, kuma mai gida ne ya miƙo maka igiyar da hannunsa.

Bayan wannan tsanani sai wasan ya kife ta ɗaya gefen. A babi na huɗu ana ba ka Orlandeau, tsohon janar da ake wa laƙabi da sunan tsawa, riƙe da takobin da ke ba shi sauri koyaushe. Shi kaɗai yana iya share fili. Yaran da ka raina tun suna kurata, ka san burujin kowanne, sai su koma 'yan kallo. Mai sana'ar hisabi ma haka: da zarar ya ƙware, yana jefa tsafi a kan duk wanda matakinsa ko tsayin inda yake tsaye ya rabu da uku, ko huɗu, ko biyar, nan take, ba jira ba tsada. Hanyar samun ƙwarewar kuwa abin kunya ce. Ka bar abokin gaba ɗaya da rai a lungu, mutanenka su kewaye juna suna jifan junansu da duwatsu suna warkarwa, don kowane motsi yana kawo maki. Runduna ce ta ceton ƙasa, ga ta tana jifan kanta rabin awa. Abubuwa da yawa kuma ba a bayyana su yadda ya kamata ba, kamar tasirin buruji a kan ƙarfin sara tsakanin mutum biyu. Fassarar Turancin 1998 ta ƙara dagula lamarin, ta cika da kurakurai har wasu bayanan koyarwa ba sa fahimtuwa, sunaye kuma suna canza rubutu daga wuri zuwa wuri.

Duk waɗannan ana iya gyara su da ɗan aiki. Wanda ya fi ci mini rai yana cikin labarin ne, wato a daidai inda na fi yabo. Tun daga ƙarshen babi na biyu aka fara shigo da wasu duwatsu masu alaƙa da buruji, waɗanda ke mayar da mai riƙe da su dodo. Sannu a hankali sai tambayar Milleuda ta ɓace. Ramza ya bar yaƙin sarauta yana gudana a bayan fage, ya koma farautar aljanun Lucavi da neman ƙanwarsa Alma. Wiegraf, wanda ya fara a matsayin muryar sojan da aka cinye wa haƙƙi, ya ƙare a matsayin dodo mai kan rago. Dycedarg, babban yayan Ramza, ya sa wa mahaifinsu guba tun kafin wani dutse ya taɓa hannunsa, da hankalinsa da son mulkinsa. Wannan mutum ya cancanci a tsayar da shi a matsayin mutum, amma shi ma sai da aka rikiɗar da shi kafin a kashe. In aka ce aljani ne ya shiga tsakani, to an rage wa masu rawani nauyin laifinsu, ko ba a yi niyya ba. Mutanen da suka shigo rundunarka da labarinsu, irin su Agrias mai gadin gimbiya, da zarar sun zama naka sai bakinsu ya mutu, saboda wasan ya san suna iya mutuwa a kowane faɗa. Abin da ya ceci ƙarshen shi ne Delita, da ya samu gadon da yake nema, sannan Ovelia ta daɓa masa wuƙa a ranar da ya kawo mata furanni, shi ma ya daɓa mata. Can ne aka koma ga mutane, amma an daɗe a hanya.

Kamfanin, wanda ya zama Square Enix tun 2003, ya yi ƙoƙari, kuma a faɗa. A 2007 ya sake fitar da wasan a kan PSP da sunan The War of the Lions, da sabuwar fassara, da sana'o'i biyu na ƙari, da baƙi irin su Balthier na Final Fantasy XII. A lokacin ne ma Turai ta fara samunsa a hukumance, shekara 10 bayan Japan. Sai dai duk sa'ad da aka jefa tsafi hoton yakan yi nauyi yana ja da ƙyar. A ranar 30 ga Satumba, 2025, aka fito da The Ivalice Chronicles ƙarƙashin Kazutoyo Maehiro, wanda yana cikin ma'aikatan asali, da muryoyin 'yan wasa da zaɓin sauƙi ko tsanani, Matsuno kuma ya dawo ya ƙara wa mutanensa magana. Madalla. Amma a wajen wannan aikin ne Maehiro ya bayyana cewa ainihin rubutun kwamfutar da aka gina wasan da shi babu shi, sai da suka bi kwafin da aka sayar a kasuwa suna sake gina shi. Kamfani mai wannan girma ya rasa asalin ɗaya daga cikin ayyukansa mafiya daraja! Aikin da ke gabansa a fili yake: ya bi sauran kayan wancan zamani ya killace su, ya kuma fito da waɗanda suka maƙale. Vagrant Story, da Matsuno ya yi a 2000, har yau ba a yi masa irin wannan gatan ba. Tactics Advance na 2003 da magajinsa na 2007 suna nan a kan na'urorin Nintendo da aka daina ƙerawa. Sana'o'i biyun nan da baƙin da aka ƙara a 2007 ma ba su shiga fitowar 2025 ba, don haka har yanzu babu kwafi ɗaya da ya tattara komai.

Shi kuwa Matsuno, bashin da ake bin sa na alƙalami ne, kuma ya riga ya nuna yana da abin biya. A ƙarshen babin farko na Tactics Ogre, a garin Balmamusa, shugabannin Denam, jarumin wasan, sun umarce shi ya karkashe mutanen ƙabilarsa a ɗora wa abokan gaba, don a tunzura sauran su tashi. Wasan ya tsaya ya bar mai wasa ya zaɓa, kuma labarin ya rabu gida biyu daga nan, kowane da abin da zai biyo baya. Ramza bai taɓa samun irin wannan mararraba ba, hanyarsa ɗaya ce tun daga Ziekden har ƙarshe. Abin da nake jira daga hannun Matsuno shi ne gem da zai ɗauki ƙarar su Milleuda ya kai ta har babi na huɗu, a bar Dycedarg da ire-irensa da fuskokinsu na mutane, a kuma bar mai wasa ya yanke da kansa ko zai bi Delita.